Auren da Ya Ci Kasuwar Wilma

Wilma Dunaway ta gaji shago a wajen mahaifinta, a wani ɗan gari na manoman masara a jihar Nebraska. Sandunan dogarawa take sayarwa da kekunan marasa lafiya, amma abin da ya riƙe shagon shi ne tukwanen iskar oksijin. Kasuwa na tafiya lafiya lau, sai ta auri Emmett, likita ɗaya tilo a garin.

Akwai dokar da ta hana likita tura majinyacin da inshorar gwamnati ke biya wa magani zuwa inda yake da hannun jari. Da gwajin jini ta fara, don maganin likitocin da ke tura majinyata ɗakunan gwajinsu su ci riba. A hankali ta yi ta faɗi har ta haɗa da kayan jinya, kuma a idonta shagon mata shagon miji ne. Tun ranar ɗaurin aure tsofaffin garin, waɗanda inshorar gwamnati ke biya wa, suka koma sayen iska a garin da ke ƙetaren kogi.

Abin ya ci wa Wilma rai, amma ba ta taɓa cewa dokar banza ce ba. Shekara ashirin tana lallaɓa shago da cinikin sanduna.

Baba Orval, tsohon direban motar makaranta mai ciwon huhu, ba ya wucewa bai tsokane ta ba.

"'Yar nan, ki rabu da likitan nan mu sha iska a gida mana! Me kika gani a jikinsa, sanƙon?"

"Baba, ai sanƙon ne ya ruɗe ni."

Sai ga korona. Asibitin birni ya cika maƙil, shagon ƙetare ya ce iskarsa ta ƙare. Numfashin Baba Orval ya fara sarƙewa, ga tukwane cike a ɗakin ajiyar Wilma. Ko kyauta ta ce za ta bayar, lauya ya ce a yi hattara, kyauta ma tana iya jawo wa likita tuhuma.

Ranta ya ɓaci matuƙa. Ta sami Emmett a kicin.

"Likita, sa hularka. Kotu za mu, a raba auren nan."

"Wilma, lafiyarki kuwa?"

"Ƙalau. A takarda kawai. In tsohon nan ya warke ka sake nema na, wataƙila in yarda."

Da gaske ta buga waya kotu. Aka ce an rufe saboda annoba, ta jira sai abin da hali ya yi.

Ba a rufa kwana biyu ba Emmett ya faɗo shago yana haki. Gwamnati ta sassauta dokar muddin annoba na nan: a karkara likita na iya tura majinyaci shagon matarsa. Bai gama bayani ba ta riga ta cusa tukwane a bayan akori-kura. A makon nan babu gonar da ba ta taka ba, kuma duk gidan da ta shiga da murna ta fito.

Amma gidan Baba Orval ta fara zuwa. Ta ɗaura masa robar iska a hanci, ta murɗa kan tukunya, ta tsaya tana kallon leɓɓansa har jini ya dawo musu. Ya ja numfashi mai tsawo, ya yafito ta da yatsa. Ta sunkuyo, hawaye na jiƙa mata takunkumi.

"'Yar nan," in ji shi, "na janye. Ki riƙe mai sanƙon."