Jan Dutsen Kawu Khalfan

Tun da na dawo garinmu Khasab na bakin teku daga karatu a Kanada nake shakkar hotunan tsuntsayen da nake ɗauka. Sun cika kyau. Duk ranar da Kawu Khalfan ya fita da ni a kwalekwalensa, sai mu iske tsuntsayen teku suna rububi a kan ruwa, kullum a gindin wani jan dutse mai tsaga a ka.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, gajere, masunci tun tasowarsa. Yana da wani wuri a bayan tsibirai inda yake kamo manyan kifaye, bai taɓa nuna wa kowa ba. Maƙwabcinsa Salmin ya yi shekaru yana neman wurin. Masunta kuwa tsuntsaye ke nuna musu inda kifi yake, duwatsu ke tuna musu hanya. Hoto ɗaya ya isa ya tona asirin Kawu. Shi ya sa na yi mamakin yadda yake zuga ni.

"Bature, dutsen ya fito sosai? Ka sa a waya kowa ya gani."

Wata safiya batirin kyamara ya mutu muna dab da isa. Na juya in ɗauko wani, sai na ga Kawu yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana ta watsa ƙananan kifaye daga bokitin da ya ɓoye a ƙarƙashin buhu. Muka haɗa ido.

"Sadaka ce," in ji shi. "Juya ka yi aikinka."

Da la'asar muna shan gahawa da dabino a ƙofar gida, sai ga Salmin, rana ta gasa shi, ya zube a tabarma.

"Khalfan, tsuntsayen ɗanka maƙaryata ne. Wuni na yi a gindin dutsen nan, ko ƙayar kifi ban gani ba."

"Ƙila ka manta bisimilla. Sha gahawa."

"Zuwana na uku ke nan!"

"To, ai ka kusa. Koma gobe da sassafe."

Da Salmin ya tafi, na matsa kusa da Kawu na rage murya.

"Kawu, tsakaninmu, ina ne wurin na gaskiya?"

Ya dubi kyamarar da ke wuyana, ya tofar da ƙwallon dabino.

"Ranar da ka jefa wannan a teku ka sake tambayata. Har da wayar."