Kurmin da Ya Tsiro Kafin Hantsi a Gonar Kawu

Shekarar da aka zo gyaran hanyar da ta bi ta bayan ƙauyenmu, can wajen Turba, injiniyoyin kamfanin suka zagaye ƙasar kaf, ba su ga inda marmara ta yi musu ba sai gonar kawuna, ƙanen mahaifiyata. Gona ce da gero ke shanye mutum a tsaye. Ni lokacin ina koyarwa a firamare a Isa, don haka duk maganar da za a yi da Turanci ni ake aiko wa.

Da bakina na fassara wa Kawu alkawarin. Manajan ya ce doka ba ta yarda a haƙa ƙasa a tafi a bar rami ba. Za su cike, su baje, su dasa itatuwa, kuma ba za su ɗaga ba sai jami'in muhalli ya ga tsiro da idonsa.

Kawu ya ce, "Tambaye shi, dokar ga ta taɓa zuwa garin ga?"

Ban fassara wannan ba.

Tifa na shiga tifa na fita, har gonar ta koma ramin da in ka sauka cikinsa ba ka jin kiran salla. Da aiki ya ƙare kuwa sun cika alkawari, ba za a hana su wannan ba. Katafila ta turo baƙar ƙasar sama, wadda kakanninmu suka ƙare rayuwarsu suna zuba wa taki, ta fara jefa ta can ƙasan ramin. Sannan ta rufe ta da tsakuwa, ta bi ta daddanne har wurin ya yi sumul kamar filin jirgi.

Sai dashe. Ana tsakiyar bazara aka kawo tsirrai a leda daga Sakkwato, irin furannin da ake jerawa a ƙofar otal. Aka dasa su layi-layi, aka ba su ruwa ranar farko, aka ɗauki hoto. Awakinmu ba su taɓa cin abincin birni ba, sun kuwa yi godiya ƙwarai. Abin da suka rage rana ta ƙarasa.

Ana haka sai ga labari jami'in muhalli na tafe ranar Laraba. Ranar da sassafe aka ga leburori sun nufi daji da adduna. Suka saro rassan sabara da geza, ganye shar, suka huda tsakuwa da diga suka cusa, suka yayyafa ruwa a gindi. Kafin hantsi gonar Kawu ta zama kurmi.

Kawu ya dogara da sandarsa yana kallo. Ya ce, "Ikon Allah. Na tsufa ina saran sabara, ban san haka take da saurin girma ba."

Na ce, "Kawu, za ni gaya wa jami'in."

"Gaya mishi, ɗana. In ya sauko."

Bai sauko ba. Gilashin mota ya sauke rabi, kada sanyi ya tsere. Na matsa na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ba su da saiwa."

Ya ce, "Malam, saiwa ai a ƙasa take. Ni abin da ke sama aka aiko ni dubawa."

Har ya yaba wa kamfanin da suka zaɓi itatuwan gida masu jure yanayinmu. Manajan ya ja shi cin abinci a Isa. Ba a jima ba kamfani ya kwashe kayansa, mata suka tsince kurmin suka dafa tuwo da shi.

Da damina Kawu ya shuka gero. Ya fito, ya yi ja, ya mutu. Ruwa ba ya shiga ƙasar, gudu yake yi a kanta. A shekarar na fara ganin Kawu yana awon hatsi a kasuwa, yana waige-waige kada wanda ya sani ya gan shi. Ya daina yi mini ba'ar Turancina. Ni kuwa da ma ya ci gaba.

Da rani wani abokinsa Bafulatani ya rasa inda zai sauke shanu. Kawu ya ce ya sauka a wurin, ai ba abin da za su ɓata. Suka yi ta dawowa kowane rani. A kusurwar da suke kwana taki ya taru, kuma a cikin kashin nasu akwai 'ya'yan kalgo da bagaruwa da suka ci a daji. Da tsiro ya leƙo, Kawu ya kewaye shi da ƙaya, yana gadinsa kamar jikansa. Yanzu kusurwar ta yi inuwa, har Kawu yana jefa wake a tsakani. Sauran filin yana nan fayau, ko tumfafiya sai ta yi shawara kafin ta fito.

Bara wata tawaga ta zo daga birni ganin yadda aikin farfaɗo da ƙasa ya yi nasara. Suka wuce filin ba su kalle shi ba, suka tsaya a kusurwar Kawu. Yana zaune a gindin bagaruwa, sai mai ɗaukar musu hoto ya roƙe ni in ce wa tsohon ya ɗan gusa, rigarsa ta yage, za ta ɓata hoto.

Kawu ya ɗauki butarsa ya koma rana ya tsuguna, har suka gama.