Malam Nuhu da Jan Murfin Oba-oba

Ina buɗe shagon ɗinkina da safe a bakin titin Bodinga, abin da nake fara ji shi ne tarin babur ɗin Malam Nuhu. Ba ya tashi sai an tura shi. In ya tashi, sai ka ga mai shi ya ɗaure wani akwatin ƙarfe a baya da tsohuwar robar taya, ya ɗaga mini hannu, ya nufi Sakkwato. Can yake aiki, a wani ɗakin gwaji na gwamnati inda ake haɗa rediyon oba-oba, irin wanda mutum ke magana a ciki a ji shi a wani gari, a kuma ba shi amsa. Injiniyoyi su zana, shi ya haɗa da waya da dalma, sannan ya ɗauko akwatin ya kawo mana ƙauye ya ga ko zai jure. Na sha ganin ya ɗora shi kan kwanon ɗakinsa a tsakiyar bazara, ya zauna a inuwa yana jira ya ga abin da rana za ta yi masa.

Wannan watan ya ajiye aiki. Ban ji an faɗi sunansa a rediyon da muke saurare ba, shi ya sa na ga ya kamata in faɗa.

A shekarar 1981 aka fara sa waɗannan akwatuna a ɗakunan shan magani, ɗaya a nan Bodinga, wasu a ƙauyukan ƙasar Shagari da mota ba ta shiga da damina. Ɗaya ya faɗa Tungar Sule, can bayan Mandera, inda ɗiyata Altine take aure. Ni mutum ne mai yawan fargaba, kowa ya sani. Ko mura ta kama yaro sai na kasa cin tuwo. Da na ji akwai abin da zai kawo mini labarinta ba sai ranar kasuwa ba, sai na mai da ɗakin shan maganinmu wurin hira.

Ana haka gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Kayan waje suka daina shigowa, batir ya yi wuya kamar shinkafa da sabulu. Malam Nuhu da abokan aikinsa suka juya akwatunan suka koma cin tsohon batir ɗin mota, wanda ake kaiwa caji lokaci-lokaci. A ɗakin gwaji batir ɗaya yana daɗewa. A Tungar Sule kuwa ba ya kai ko'ina. Aka canza waya, aka canza eriya, duk a banza. Sai Malam Nuhu ya ɗauki tabarmarsa ya tafi can ya zauna kusa da akwatin, bai taɓa kome ba, yana kallo kawai.

Husaini, mai ba da magani a ƙauyen, shi ya ba ni labarin. Ya ce ya kunna akwatin don ya nemi maganin zazzaɓi wurin Malam Musa, babban jami'in lafiya na nan, dattijo sa'an babansa. Ya fara: "Ranka shi daɗe, an kwana lahiya? Ina gajiya? Ina iyali? Ina ruwa? Ina ƙoƙari?" Malam Musa ya amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya mayar. Maigari ya aiko a gaishe da hakimi. Wata tsohuwa ta ce a gaishe mata da ɗanta mai faci. Kafin a kai ga maganar magani murya ta shaƙe.

Malam Nuhu ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Husaini, ashe ba akwatin na ad da ciwo ba. Ladabinku na ka cinye batir."

Wani da sai ya rubuta doka ya manna a bango. Shi ya san ba wanda zai kira dattijo ya faɗa masa buƙata tsirara don takarda ta ce. Ya koma Sakkwato ya gaya wa injiniyoyi, suka zauna tare suka yi wata dabara: in wutar batir ta ragu zuwa wani mataki, akwatin ya yi shiru da kansa, sauran wutar ta zauna ajiye. Ba mai taɓa ta sai ya ɗaga wani jan murfi a gefe. Murfin ma da hannunsa ya yanko shi daga gwangwanin tumatir.

Sannan ya je wurin maigari, ya tuɓe takalmi, ya gaishe shi gaisuwar da ta kamata har ƙarshenta, ya faɗi abin da ya kawo shi: in an ɗaga jan murfi, a yafe gaisuwa.

Maigari ya ce, "To, mu zama marasa tarbiyya saboda batir? Mutanen Bodinga su ce mi?"

Malam Nuhu ya ce, "Allah shi ba ka nasara, in kai kac ce an yahe, ba mai cewa komi. Da sahe a gaisa a madadin gari duka. Jan murfi na mai ciwo na."

Liman yana wurin. Ya ce sallama dai ba a barin ta, saura kuwa ana iya jinkirtawa. Maigari ya yarda. Malam Nuhu ya zo nan ya nemi irin wannan alfarma wurin Malam Musa, shi kuma ya ce, "Ni dama gaisuwar Husaini ta ishe ni, har awakina shika tambaya."

Kai ne ka yi wannan zirga-zirga, Malam Nuhu, a kan babur ɗin da ba ya tashi sai an tura, ba wanda ya aike ka. Aikinka ya ƙare tun da akwati ya yi magana a Sakkwato. Kai ka ce bai ƙare ba sai ya yi magana a inda ake buƙatarsa.

Daminar 1982 cikin Altine ya tsufa. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafin da ke kan hanyarsu ya cika, ba a samu kai batir caji ba. Gaisuwar safe ta daina zuwa. Na rasa inda zan sa kaina, har na ɗinka wa wani hannun riga a baibai. Malam Nuhu ya leƙo shago ya ce, "Baban Altine, shirun nan ajiya ta. Bar ɓata ma mutane yadi."

Wata ranar Laraba bayan azahar ina zaune a ɗakin shan magani sai akwatin ya yi ƙara. Muryar Husaini ce, ya ɗaga jan murfi: "Salamu alaikum. Tungar Sule ta. Haihuwa ta tsaya tun hantsi, matar Zubairu. A turo mota." Matar Zubairu ita ce Altine. Malam Musa ya amsa sallama, ya tambayi ta ina ruwa bai kai ƙugu ba, Husaini ya ce ta mashigin shanu. Aka tsai da magana a nan: su ɗauko ta a amalanke zuwa mashigin, mota ta tarye su a wannan gaɓar. Ana gama faɗin haka akwatin ya mutu. Da an tsaya tambayar gajiya da iyali, da direba ya bi tsohuwar hanya ya tsaya yana kallon ruwa.

Kafin la'asar sakaliya tana asibiti a Sakkwato. Likita ya yi mata aiki, aka ciro ɗiya mace, uwa da ɗiya lafiya. Ranar suna na ce wa Malam Nuhu da namiji ne da ya ci sunansa. Ya ce, "Allah ya rufa min asiri. Da kullum Salla sai ka caje ni ɗinkin rigar takwara."

Mai dalma da haƙuri, na gode. Uwar Altine ta gode, mijinta ya gode, da sauran gidajen da aka ɗaga wa jan murfi ba su san hannun da ya yanko shi ba. Ku matasan da kuka gaje shi a ɗakin gwaji, kayan aiki sun yi ƙaranci, na sani, albashi ma yana makara. Duk da haka in kun haɗa abu, ku bi shi har ƙauye, ku shimfiɗa tabarma ku ga yadda mutane ke yi da shi. Allah ya ba ka hutu mai albarka, Malam Nuhu, ya sa ka gama lafiya. Altine ta zo mana kwana biyu, kuma yarinyar nan, Hawwa'u, jiya ta saki bango ta tako har gindin keken ɗinkina.