Gurasar da Ta Tona Mana Asiri

A gidan tsofaffinmu na garin Margilan, gadona yana kusa da na Tursunoy, kuma duk wanda ya ce wannan sa'a ce bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da ita ba. Ga minshari, ga faɗa da mutane cikin barci, sannan tun ladan bai yi gyaran murya ba ta tashi tana laluben takalmanta tana tattake nawa. Ni sunana Mastura, a masaƙar siliki na ƙare ƙuruciyata, kunnena ya saba da hayaniya. Da wata ce, da tuni ta nemi a sauya mata ɗaki.

Tursunoy mai gurasa ce tun tana budurwa. A unguwarsu ba a yi aure ko suna ko sadakar mamaci ba tare da gurasarta ba, kuma mata kan bar tanderun gidajensu su zo su yi layi a ƙofarta. Mijinta direban motar auduga ne, ya rasu tun da sauran ƙarfinsa. Ɗansu tilo ya tafi Rasha neman abin kansa, gawarsa aka dawo mata da ita. Ta ci gaba da gashi har ƙafafunta suka fara yi mata gardama, maƙwabta suka haɗu suka kawo ta nan. Kayanta ƙulli ɗaya ne, sai ɗan katako mai ƙusoshi da take yi wa tsakiyar gurasa ado da shi.

Watanninta na farko bango ta juya wa fuska. Abinci sai an roƙe ta. In an kawo gurasar kasuwa takan ɗauka ta shinshina, ta sumbace ta don kada a ce ta wulaƙanta abinci, ta ajiye. Tana ta ramewa a idona, abin ya dame ni ƙwarai.

Wata rana ta bi kaza da ido har bayan madafa, sai ta tarar kazar tana ƙwai ne a cikin wani tsohon tanderu da masu gidan na da suka bari. Ta kori kazar ba sallama. Ta kwaɓa yumɓu da gashin akuya ta toshe tsagar, ta sa aka samo mata karan auduga. Shugaban gidan, Ergash, mutum ne mai tumbi da sanyin zuciya, abu biyu yake tsoro a duniya: hukuma da hawayen tsohuwa. Ya san sarai doka ba ta yarda mazauna gida su taɓa wuta ba. Amma ranar da aka yi gashin farko ya ga Tursunoy ta share kwanon shinkafa har tana neman ƙari, sai ya ɗaga kai yana kallon rumfar inabi kamar bai ga hayaƙi ba.

Tun daga nan gidan ya canza. Tsofaffin da ba sa fitowa sai rana ta take suka koma sammako, kowa da kofin shayinsa, ana jiran zagayen farko. Tursunoy ta yi kumatu, bakinta ma ya dawo, mu muka sha.

Sai labari ya zo cewa jami'ar da ke duba gidajen tsofaffi za ta zo mana, mu dai duba-gari muke ce musu. Ergash ya rasa inda zai sa kansa. Aka wanke, aka goge, aka ɗaure ƙarfen da muke riƙewa a banɗaki, wanda ya daɗe yana rawa. Da yamma ya zo ɗakinmu yana murza hula.

"Inna, don Allah gobe kawai. Kada ki kunna. In ta gani rushe shi za a yi, ni ma ƙila a rushe ni."

"To me baƙuwar za ta ci?"

"Na sayo a kasuwa."

Tursunoy ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan nan, uwarka ta haife ka da kyau, amma ba ta gama da kai ba."

Ya yi dariyar dole ya fita. Shi da kansa ya lulluɓe tanderun da tsohuwar darduma, ya jera tukwanen ɗoɗɗoya a kai, ya ja baya yana yaba aikinsa. Wai in an gani za a ɗauka wurin ajiye furanni ne.

Da asuba ƙamshi ne ya tashe ni. Na leƙa ta taga na ga Tursunoy tana mayar da darduma da tukwane yadda suke, kwando a rufe a gefenta. Da ta shigo na ce, "Ke, so kike ki kashe mu?"

"Baƙuwa za ta zo gidan da nake, a sa mata gurasar jiya? Mastura, ina raye?"

Gaskiyarta, in aka yi haka ni ma da kunya zan kwana.

Jami'ar ta iso da hantsi. Sunanta Shahodat, 'yar siririya, ba ta da yawan murmushi. Na zaci irin masu leƙa ɗaki su wuce ce, ashe ba haka ba. Ta zauna a gadajenmu ta ji taurin katifa, ta girgiza ƙarfen banɗaki da hannu biyu, ta duba magunguna ɗaya bayan ɗaya. Ta keɓe kowannenmu ta tambaya ko ana yi mana tsawa, ko ana barin mu da jiƙaƙƙun kaya. Ni na gaya mata gaskiya: ba mai yi mana tsawa sai 'yar ɗakinmu.

Da aka shimfiɗa abinci a ƙarƙashin inabi, Ergash ya kawo gurasar kasuwa yana ta washe baki. Bai kai ga ajiyewa ba Tursunoy ta ture hannunsa, ta buɗe kwandonta, ta gutsuttsura tata da hannu ta sa a gaban baƙuwa. Ta naɗe ta a bargo tun safe, don haka tururi ya tashi, riɗi yana sheƙi.

Shahodat ta ci loma ɗaya ta lumshe ido. Ta ƙara. Sannan ta dubi Ergash.

"Malam Ergash, kasuwar taku a cikin gidan nan take?"

"Ai… yaran da na aika ne suke da sauri, ranki ya daɗe."

"Lallai. Wancan hayaƙin fa, furanninku ne suke shan taba?"

Muka waiga gaba ɗaya. Dardumar ta gaji da haƙuri, hayaƙi yana fita ta ƙarƙashinta, ɗoɗɗoyar ta langaɓe kamar an dafa ta. Ergash ya ruga da butar shayi, tumbinsa a gaba, ya juye a kai. Tsofaffi suka fashe da dariya har da masu riƙe haƙoran roba. Shahodat ba ta yi dariya ba. Ta zagaya ta nuna mana abin da duk mun saba gani har muka daina ganinsa: tukwanen gas na madafa a jingine a bayan bangon da ke jikin tanderun, taga ɗaya tsakaninsu da wutar. A ɗakin da ke kusa kuwa akwai mutanen da ba sa iya tashi sai an ɗaga su. Nan take dariyar ta yanke.

Ta juyo wurin Tursunoy, muryarta ta yi laushi. "Inna, nuna mini hannunki."

Tabon ƙuna ne tun daga wuyan hannu har gwiwa, tsofaffi da sababbi.

"Jiri yana ɗibarki in kin sunkuya ciki?"

"Ni? Sam."

Shahodat ta dube ni. Ni kuwa na taɓa riƙo rigar Tursunoy ta baya don kada ta faɗa ciki ba sau ɗaya ba, sai na sunkuyar da kai, wannan ya ishe ta amsa.

"Tanderun nan sai an rushe shi," in ji ta. "Kuma hannunki ba zai sake shiga wuta ba."

Tursunoy ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta ce a hankali, "'Yata, to ki rubuta a mayar da ni gado. Kafin na samu wannan, can nake."

Shahodat ta jujjuya guntun gurasar da ke hannunta. Can ta ce, "Doka wuta ta hana ki, ba ta hana ki ƙullu ba. A gina sabo can ƙarshen fili, nesa da ɗakuna, da bokitin yashi da abin kashe gobara a gefe. Ke ki kwaɓa, ki mulmula, ki yi ado. Ma'aikaci ne zai manna ya ciro. In na dawo na tarar da haka, zan sa hannu."

"Wane ma'aikacin?" in ji Ergash. "Nas-nas ɗinmu aiki ya yi musu yawa, mai dafa abinci kuma…"

Bai ƙarasa ba, don ya ga inda Tursunoy take kallo.

"A'a, Inna. Ni shugaba ne."

"Hannu gare ka, ko ba ka da shi?"

Ranar da aka fasa tsohon tanderun ta yi kuka, ni ma na taya ta. Amma da aka kawo sabon a amalanke ita ce ta riƙa ƙwanƙwasa shi tana sauraron amonsa, tana zagin maginin tukwanen da bai ma zo wurin ba. Aka sa mata kujera a inuwa, daidai inda muryarta za ta kai.

Ta kuwa kai. "Yayyafa ruwa, Ergash! Manna da ƙarfi, ba matarka kake lallashi ba!" Gurasar da ya fara mannawa duk a toka suka faɗa. Na biye suka fito da siffar takalmi. Muka ci haka nan muna yi masa kirari, shi kuma yana share zufa da hula yana cewa zai ajiye aiki. Bai ajiye ba. Kafin inabi ya nuna, har ya fara yi wa mai dafa abinci gorin ba ta san zafin wuta ba. Shahodat ta dawo, ta duba yashi, ta duba abin kashe gobara, ta sa hannu, ta tafi da gurasa biyu a jaka tana cewa na mahaifiyarta ne.

Wata safiya na tarar da Tursunoy zaune a bakin gado da madubina a hannu, ta daɗe tana kallon kanta.

"Mastura, zo ki gani. Mene ne wannan a goshina?"

Na sa tabarau na duba. Gira ce, fara-fara, ta fito sosai. Sai a lokacin na lura ban taɓa ganinta da ita ba, wuta ce take lashe mata ita tun tana budurwa, sai yanzu da ta bar sunkuya a tanderu ta cika.

Ta shafa da ɗan yatsa tana dariya, hawaye yana zuba. "Kin ga mutumin nan ya aure ni, ya zauna da ni, ya mutu, bai taɓa sanin ina da gira ba."

Ta aike ni lambu na tsinko ganyen usma da matan garinmu suke baƙanta gira da shi, na matse mata ruwansa, na ja mata shi a girar yadda ake yi wa amare. Sannan ta gyara ɗankwali, ta ɗauki sandarta, ta fita tana ƙwala wa Ergash kira cewa ƙullu ya tashi.