Wasiƙar da Na Karanta wa Mijina

Ni amarya ce a lokacin, a shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Gusau. Mu Kiristocin garin da aikin ya kai mu ba mu da yawa, a zauren wani dattijo muke sujada ran Lahadi. Mijina magini ne a aikin reluwe, bai iya karatu ba. Ni kuwa na koyi boko a mishan, ina ji da kaina ƙwarai. Duk wasiƙar da ta zo daga gida Zariya ni ke karanta masa, yana zaune yana kallon bakina.

Yana can wajen Tsafe suna ginin gada wasiƙar yayansa ta iso. Inna, mahaifiyarsu, ta kwanta, ta daina cin abinci, sunansa kawai take kira. Na ruga wurin matar dattijon nan neman shawara. Ta ce kada in kuskura in tayar masa da hankali, in ya bar aiki wani za a ɗauka, kuma mace mai ƙaunar mijinta ba ta kai masa mugun labari da zafinsa. Wai ai ko a gaban mai jinya da sauƙi ake cewa. Na rungumi maganarta domin ta yi daidai da son zuciyata, ba na so a bar ni ni kaɗai a baƙon gari. Ran Asabar da ya dawo na buɗe takardar, ina bin layi da yatsa, na ce Inna ta ɗan yi zazzaɓi amma da sauƙi, tana gaishe shi. Ya gode wa Allah, ya gode mini.

Bayan mako biyu wani falke ɗan Bungudu da ya dawo daga Zariya ya tare shi a kasuwa, ya yi masa gaisuwar rasuwar Inna. Da ya shigo gida bai ɗaga murya ba, ya miƙo mini takardar ya ce in sake karantawa. Na karanta yadda take. Matar dattijo kuwa, da na koma mata ina kuka, sai ta ce ai kwanan Inna ne ya ƙare. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, amma haushin kaina ya fi. Ya ba ni amanar idonsa, na yi masa ƙarya da sunan ƙauna, alhali Yesun da nake bi bai taɓa raba ƙauna da gaskiya ba.

'Yan'uwana, in tausayinku ya ce ku ɓoye wa naku gaskiya, ku fara tambaya wa kuke tausayi, shi ko kanku. Mijina ya gafarta mini kamar yadda Ubangiji ya umarta, muka zauna lafiya har ya rasu. Amma tun a makon da ya ji rasuwar Inna ya sayo allo ya ce in koya masa baƙaƙe, ni kuma na koya masa, na san dalili.