Ranar da Maciji Ya Sari "Calf" ɗin Baba

Duk abin da zan manta a rayuwa, ban da wata ranar Laraba a cikin damina da kalmar Turanci guda ɗaya ta kusa raba ni da ganin mahaifina.

A lokacin ina da shagon ɗinki a Kakuri, shi kuwa Baba tun da masaƙa ta sallame su ya koma Kakau yana noma, da 'yan shanunsa a bayan gida. Ba a daɗe ba wata karsanarsa ta haifi maraƙi ja, kullum muka yi waya sai ya ba ni labarinsa. Gonarsa ta yi iyaka da ta wani dattijo mutumin Binuwai. Hausar dattijon ba ta nuna ba, don haka da ni yakan yi Turancin buroka.

Ran nan bayan azahar sai ga wayar dattijon. Ya ce maciji ya sari "calf" ɗin Baba, in zo yanzu. Ni dai abin da aka koya mana a makaranta shi ne "calf" maraƙi ne. Na ce Allah ya kyauta, ina nan tafe. Na ƙarasa wuyan rigar da ke kan keke, na yi la'asar, na biya wurin mai maganin dabbobi, sannan na hau mota. Tausayin Baba kawai nake ji, don na san yadda yake son dabbar nan.

Da na isa, na zarce bayan gida. Ga maraƙi yana tsotson uwarsa, yana kaɗa wutsiya, lafiyarsa ƙalau. Ina tsaye ina dube-dube sai Inna ta fito, idanunta jawur.

"Me kake nema a nan? Ubanka yana asibiti tun ɗazu."

Ashe dattijon bai jira ni ba. Daga cikin masara ya goyo Baba har bakin titi, ya tare babur, ya zauna a bayansa yana riƙe da shi har asibiti. Da na isa asibitin, na sami dattijon zaune a bakin gadon Baba, wandonsa duk taɓo. Ƙafar Baba ta kumbura har gwiwa, amma an yi masa allura, yana magana. Wata nas da na tambaya game da "calf" ɗin ce ta warware mini. Ta dafa naman bayan ƙwaurinta ta ce, "Sharaɓa ma sunanta ke nan da Turanci. Kalma ɗaya ce, sai dai ka duba zancen." Ta ƙara da cewa da an ƙara jinkiri, da labarin ya canza.

Na durƙusa na gaya wa Baba abin da ya tsayar da ni. Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai. Tashi ka gaida mutumin nan, yau shi ya yi mini ɗa."

Baba ya warke, ya ƙara shekaru yana noma. Ni kuwa na koyi cewa sanin fuska ɗaya ta kalma ba saninta ba ne. Tun daga ranar, in aka kira ni da labarin gida, ba na ajiye waya sai na tambaya: wane ne, kuma yaya yake?