Yadda Aka Tura Del Haugland Majalisa

Da Delmar Haugland ya rasu, jaridar garin Harlund ta rubuta cewa cancantarsa jama'a suka gani suka yi ta tura shi majalisar jihar Montana ta Amurka fiye da shekara talatin. Matarsa Arlys ta karanta a teburin kicin, ta cire tabarau tana goge ido. 'Yarsu Lorna ta taso za ta rarrashe ta, sai ta tarar dariya ce ta ci ƙarfin tsohuwar.

Del, kamar yadda kowa ke kiransa, a gandun shanun ubansa aka haife shi, nan ya girma, nan ya kawo Arlys amarya. Dogo ne mai faɗin tafin hannu, ba ya shan giya, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Abu biyu ne suka yi masa yawa: surutu da dabara. Kuma duka biyun sun fi tashi a ƙarshen hunturu, lokacin haihuwar shanu, sa'ad da dusar ƙanƙara ke kaiwa gwiwa kowa yana ta kansa.

Wata shekara ya sa Arlys ta saƙa wa 'yan maruƙa hulunan ulu don kada sanyi ya cinye musu kunne. Iyayen suka shinshina, suka ƙi shayar da su, wata saniya ma ta haɗiye hula guda sai da aka kira likitan dabbobi. Wata shekarar ya ƙera akwatin ɗumama maraƙi da fitilar kananzir, rabin rumfar shanu ya ƙone. In ya gama da nasa garken, sai ya hau a-kori-kura ya zaga maƙwabta ba da shawara. Mutum na durƙushe, hannunsa cikin saniya har kafaɗa, Del na tsaye a kansa yana ba shi tarihin kakar saniyar.

Maƙwabcinsu Emmett Kovarik, wanda tun suna samari suke rigima da Del a kan wani turken shinge da kowa ya ce a ƙasarsa yake, shi ya fara kawo maganar tura Del majalisa. Ya sami Arlys tana ɗora ciyawa a mota, ya gaya mata ɗan majalisarsu ya tsufa zai sauka, kuma majalisa tana zama ne can Helena, babban birnin jihar, daga Janairu zuwa Afrilu, shekara ɗaya a zauna, ɗaya a tsallake.

"Daidai lokacin haihuwa ke nan," in ji Arlys.

"To, ai shi na gani. Shekara ɗaya mu sha wahala, ɗaya mu huta. Ya fi babu."

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci, matan gari suka riƙa tare Del ɗaya bayan ɗaya suna ce masa babu wanda ya dace da kujerar sai shi. Arlys ce ta shirya su, har ta raba musu abin da kowace za ta faɗa. Del ya koma gida jikinsa a sanyaye, ya ce mata bai san haka ake ƙaunarsa ba. Ya tsaya takara, ya ci da rata mai yawa, don har 'yan ɗaya jam'iyyar da ke da shanu shi suka zaɓa.

A shekararsa ta farko a Helena ba a yi asarar maraƙi ko ɗaya ba a gidan Haugland. Kowace safiya yakan bugo waya ya ba da umarni. Arlys takan ajiye kan wayar a kan tebur kusa da kwanon sukari, ta soya ƙwai, ta ba kare abinci, ta dawo ta ce "To, Del," ta sake ajiyewa. Da ya dawo ya ga garke lafiya lau, ya ce mata ta ga amfanin bin shawara.

Abin da babu wanda ya zata shi ne, aikin ya karɓe shi. Akwai rafin da motar makaranta ba ta iya tsallakawa in ƙanƙara ta narke, yara su yi makonni a gida. Del ya kai ƙudurin gina gada gaban kwamiti, aka ce babu kuɗi. Ya nemi izinin ƙarin bayani, ya fara da labarin wani bijimin ubansa da ya taɓa maƙalewa a rafin. An kai lokacin abincin rana bijimin bai fito daga laka ba. Shugaban kwamitin ya tambaya ko in aka amince da gadar za a ciro shi. Aka amince. Da irin wannan ya samo wa Harlund ƙaramin asibiti da gyaran hanyar kasuwar shanu. Abokan aikinsa suna ganinsa a baranda sai su faɗa banɗaki, amma sun san in ya ba ka kalmarsa ba ya janyewa.

Ana nan sai wata bazara, suna cin fanke da safe, Del ya ajiye cokali ya ce ya yanke shawara ba zai sake tsayawa ba. Ya ce shekaru yana barinta da aiki ita kaɗai, abin yana damunsa. Idonsa har ya kawo ruwa. Arlys ta ji tausayinsa ya kama ta, tsoro kuma ya fi kama ta. Ta ce masa jiha na bukatarsa. Ya ce ita ta fi jiha.

Ta garzaya wajen Emmett. Suka ga hanya ɗaya ce: Emmett ya shiga takara. Ranar da Del ya ji labari, ko hula bai tsaya ɗauka ba ya tafi ya sa sunansa, yana cewa mutumin da bai san inda ƙasarsa ta ƙare ba ba zai wakilci kowa ba.

Sai dai abin ya so ya juye. Matasan da ba su san yadda aka faro ba suka ga sabuwar fuska, suka fara manna hoton Emmett a motocinsu. Emmett, wanda bai taɓa kwana nesa da shanunsa ba, ya firgita. Ya bi gida gida yana roƙon kada a zaɓe shi. A taron muhawara ya miƙe ya ce shi bai iya karatu da kyau ba, kuma barci yake yi a coci. Aka tafa masa, aka ce ga mai gaskiya. Sai da Arlys ta kwashe makonni tana toya burodi mai kirfa tana kai wa mutane tare da bayani a kunne, sannan Del ya sha da ƙyar.

Washegarin zaɓe Del da Emmett suka haɗu a bakin shinge. Del ya fara yi masa jajen faɗuwa, Emmett ya ƙule.

"Honarabul, bari ka ji. Don shanunmu su haihu cikin natsuwa muke tura ka. Tun farko ke nan."

Del ya dube shi ya yi murmushi. "Na san da ciwo, Emmett. Zai wuce."

Da daddare ya ba Arlys labari, yana mamakin abin da hassada ke sa mutum ya faɗa. Ta ce ai kuwa, ta ƙara masa dankali.

Ciwon gwiwa ne ya sauke shi daga kujerar majalisa daga ƙarshe. Lokacin Lorna ta karɓi gandun, ita kuwa ba ta da kunyar ubanta. Ta ajiye masa kujera a ƙofar rumfa ta ce daga nan zai ba da shawara. Arlys takan kawo kofi ta zauna gefensa, kuma a shekarun nan ne ta fara jin ƙarshen labaran da ta san farkonsu kawai. Wasu, ta gaya wa Lorna, ashe suna da daɗi.

Ya rasu a farkon kaka, a kujerar baranda, bayan ya ci abincin rana. Ranar jana'iza aka kwana ana ruwa. Manyan baƙi daga Helena suka taho a baƙar mota mai ƙyalli, suka kafe a laka nesa kaɗan da maƙabarta. Arlys ta tattare baƙar rigarta, ta sa takalmin roba, ta hau tarakta ta je ta jawo su. Da suka fara yi mata jawabin godiya, ta ce su bari sai an ci abinci, sannan ta nuna wa mafi tsayinsu wata karsana da ta fice ta ƙofar shingen da suka bari a buɗe da za su wuce, ta ce ya bi ta hagu ya koro ta.